Ni da Kaka da Mushen Japan

Ranar Alhamis ce, ta farko a hutun zafi na shekarar da na gama aji biyar na firamare, Yaya Majid ya hawo benen gidanmu na unguwar Ammariyya a Jidda da kwali a kafaɗa, gumi ya jiƙa masa riga har gadon baya. Ina zaune a bakin matakala ina tsince shinkafa a faranti, ya dire kwalin a gabana ya ce kada in kuskura in taɓa, wanda kuwa babu hanyar da ta fi wannan saurin sa ni in taɓa abu. Daga haraj ya fito, kasuwar tsofaffin kaya ta kudancin gari, can wajen Khumra inda Baba ke tuƙa motar kaya a ɗakunan ajiya. Fanka aka aike shi ya sayo, mai fankar ya ɗora masa kwalin a matsayin gyara don ya rabu da shi. Cike yake da ƙananan littattafai masu kauri, masu warin laima, duka zane ne baƙi da fari, rubutun jikinsu ba Larabci ba ne, ba kuma boko ba. A bangon na farko wata mata ce riƙe da ƙugiyar jan kifi, a bayanta mutane sun cika titi, bakuna a buɗe, idanu fari fat. Yaya ya ce na Japan ne, labarin mutanen da suka mutu suka tashi suna cin masu rai, kuma ba na 'yan mata ba ne. Bai yi mako da su ba ya gaji, don ko harafi ɗaya ba ya iya karantawa, ga ƙwallo tana kiransa a lungu. Haka kwalin ya zama nawa.

Ni haifaffiyar Jidda ce, sunana Hanan. Baba ya zo daga Damagaram yana saurayi, ya samu tuƙi, ya zauna. Ummi kuwa jikar alhazai ce da suka zo tun zamanin da ake tafiyar ƙasa, kuma Hausar da ta rage a bakinta ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci da ɗan abin da ake yi wa yaro tsawa da shi ba. Saboda haka Larabci muke yi, gida da waje. Ina jin Hausa in Baba na hira da abokansa, in an zage ni ma nakan gane sarai, amma in aka ce in mayar da magana sai harshena ya yi nauyi, in mai da mace namiji, in mai da jiya gobe. A makarantarmu ta 'yan mata, mai doguwar katanga da rumfa a kan tsakar gida, ɓoye ɗan abin da na sani ma nake yi. Lokacin hutun cin abinci, muna zaune gindin ginshiƙi da burodi da cuku, in wata ta tambaye ni yaren gidanmu sai in ce ni ma ban iya ba, kuma ba ƙarya na yi ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ta zo mana ne kamar shekara guda kafin kwalin, bayan rasuwar kakanmu. Baba ya sha zirga-zirga wajen kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa a ƙasar, kafin a yi mata iƙama, wato takardar izinin zama, yana ganin ya yi mata gatan duniya, ga Makka kusa, ga asibiti, ga na'urar sanyaya ɗaki. Ita kuwa ta ce sanyin na'urar yana cin gwiwoyinta, ta naɗe tabarmarta ta ƙaura saman bene. Da rana ta yi sanyi can za ka same ta, tsakanin tankin ruwa da igiyoyin shanya, tana jan carbi tana kallon tantabarun maƙwabcinmu ɗan Yaman suna kewaya rufin gidaje. Larabcinta na salla ne kawai. In Baba ya fita da asuba, sai ta wuni a gida cike da mutane ba ta da wanda za ta gaya wa mafarkin da ta yi. Aikin saman bene kuwa nawa ne. Ni ke kai wanki in shanya, ni ke kwashewa kafin iskar teku ta sa masa danshi, ni ke hawa in leƙa tanki in gaya wa Ummi ko ruwan zai kai mu zuwan motar ruwa. Kaka takan bi ni da ido ina kai da kawo. Ba ta taɓa kirana Hanan ba, ta ce sunan ba ya zama a baki. Hanne take ce mini, in tana cikin nishaɗi ta ce ƙawata.

Mutum ɗaya take da shi a duk faɗin Jidda, Hajiya Tabawa, 'yar garinsu, wadda ke lungun da ke bayan namu. Hajiya Tabawa mace ce mai zafin nema, tana dama fura tana tuƙa tuwo tana sayar wa ma'aikata, da haka ta riƙe gida ta aurar da 'ya'ya. Mijinta Malam Isufu, tun da na yi wayo a kan farar kujerar roba nake ganinsa a ƙofar gida, rediyo a cinya. An ce ciwon baya ne ya zaunar da shi, an kuma ce wasu abubuwan da manya kan rage murya in za su faɗa. Mu yara dai muna sonsa, don aljihunsa ba ya rabuwa da alewa. Duk Juma'a bayan la'asar nake raka Kaka gidan, in zauna a gefe ina gyangyaɗi, su kuma suna tono mutanen Damagaram ɗaya bayan ɗaya suna dariya har da hawaye.

A bayan tankin ruwa nake ɓuya da littattafan, don na san in Ummi ta gani sun tafi ke nan. Rannan na nutsa, ban ji motsi ba sai inuwar Kaka na gani a kan shafin. Ta miƙo hannu na ba ta. Ta juya shi, ta nemi buɗe shi ta hagu yadda take ganin littattafan boko, na nuna mata ta dama ake farawa. Ta gyaɗa kai ta ce, “To, waɗannan aƙalla sun san ta inda ake buɗe littafi.” Ta tambaye ni me ake yi a ciki. Na kwararo mata bayani da Larabci, ta bari na kai aya sannan ta ce, “Ban ji ba.” Wannan shi ne makaminta, kuma babu wanda ya taɓa cin ta da yaƙi a kansa. Dole na shiga lalube. Na ce mutane suna gudu, gari ya lalace. Da na zo kan masu farin ido sai kalma ta ƙare mini, na ɗora yatsa a kan ɗaya na ce, “Kaka, hada mayyit. Mayyit da Hausa fa?” Ta kai shafin dab da idonta. Wani ne muƙamuƙinsa na reto, cikinsa a farke, ƙudaje sun yi masa rumfa. Ta yi a'uziyya ta tofar, ta ce, “Wannan ai mushe ne.” Na maimaita a raina har ta zauna. Mayyit, mushe. Daga ni har ita babu wanda ya sake komawa ta kan maganar.

Tun daga ranar, da an yi la'asar na gama kwashe shanya, sai in ji ta ce, “Hanne, ina aka kwana?” Tunda babu mai iya karanta rubutun, daga zane muke haɗa labarin, ni ina faɗa ita tana gyarawa. Ita ta raɗa musu sunaye. Mai ƙugiyar ta zama Mai Kifi, yaron da ke maƙale da ita ya zama Ɗan Auta, wani tsoho mai sanƙo da ke gyaran keke ya zama Malam Gajere. Sun ɓuya a ɗakin ƙanƙara na kasuwar kifi, abinci ya ƙare, suka bi ta rufin gidaje irin namu suna neman bakin teku. Cizo ɗaya ya isa mutum ya zama mushe, kuma duk wanda muka fara so sai an cije shi. Wasu littattafan babu su a kwalin, mukan tsallake daga wannan lamba zuwa waccan mu tarar mutum ya ɓace, sai mu yi gardama a kan abin da ya same shi. A nan na koyi ƙyaure da sakata, da sanɗa, da guzuri, da kwanton ɓauna. In na yi tuntuɓe takan buge mini gwiwa da carbi ta ce, “Mai Kifi mace ce, kada ki mayar mini da ita namiji.”

Abin da ya ba ni mamaki shi ne ba ta ɗauki abin wasa ba. Ranar da mutanenmu suka bar jarkar ruwa suka ɗauki wata jaka mai nauyi, sai da ta ture littafin don haushi, ta ce waɗannan ba su taɓa gudu ba, ruwa ake fara ɗauka. Daga nan ta shiga ba ni labarin shekarar yunwa, tana amarya, yadda suka rufe gida suka nufi kudu da tabarma da ƙwarya ɗaya, yadda suka ci ganyen da ko akuya ba ta kallo, da yadda aka bar wani tsoho a gindin bishiya da ɗan ruwa a buta saboda ya ce shi ya gama tafiya. Ta faɗa ne a hankali, tana tsayawa in ta ga ban gane ba ta sake da wata kalmar. Daga baya na gane ko Baba bai taɓa jin wannan labarin ba. Ni kuwa na sauko daga bene ranar ina jin kaina kamar wata babba, don an ba ni magana mai nauyi da Hausa kuma na ɗauka.

Kafin hutu ya ƙare mushe ya sauko lungu. Na koya wa ƙannena da yaran maƙwabta wasan: mutum ɗaya ne mushe, ya karkace wuya ya ja ƙafa, duk wanda ya taɓa shi ma ya zama, wanda ya rage na ƙarshe a kan matakalar mai burodi shi ya tsira. 'Ya'yan Yamanawa da na Hijazawa duk suna ihu suna “mushe, mushe,” ba su san ma yaren wa suke yi ba. Da aka koma makaranta na kai wasan ƙarƙashin rumfa, kuma a karo na farko da wata ta tambaye ni daga ina kalmar take, na ɗaga kai na ce yaren kakata ne. A gida har na fara gaishe da Baba da Hausa in ya dawo, shi kuma yana kallon mahaifiyarsa yana murmushi. Kaka ta shiga yi wa Hajiya Tabawa alfahari da ni duk Juma'a, wai bakin ƙawarta ya buɗe.

Bayan aikin hajji na wannan shekara Malam Isufu ya rasu, a kan kujerarsa, rediyo na ta magana. Aka jera kujeru a lungu don maza, mata kuma suka cika falon Hajiya Tabawa, ana zagayawa da gahawa da dabino kamar yadda ake yi a nan. A rana ta biyu Kaka ta ce in sa abayata, tare za mu, kuma da Hausa zan yi gaisuwa. Ta koya mini a hanya: in durƙusa, in ce sannu da haƙuri, in yi shiru. Abin da ta ce ke nan, bai fi haka ba. Amma ni na ga ya yi kaɗan ga wadda ta kai Mai Kifi har bakin teku da bakinta. Na san abin da ake faɗa da Larabci a irin wannan wuri, na sha jin Ummi tana cewa Allah yirham mayyitkum. Muna hawa matakala ina juya shi a raina, kalma bayan kalma, kuma ko wacce na nema na same ta. Na ji daɗi ƙwarai da na ga babu wadda ta ɓace mini.

Falon cike yake, mata sun jeru jikin bango, turaren wuta na tashi. Hajiya Tabawa na zaune a kan katifa a kusurwa, idanunta sun kumbura. Kaka ta yi tata gaisuwar, sannan ta jawo ni gaba ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce, “Tabawa, ga ƙawata ta zo miki, da bakin gida za ta yi, ba da na Larabawa ba.” Kowa ya juyo yana kallona. Na durƙusa yadda aka koya mini na ce, “Sannu da haƙuri, Hajiya. Allah ya jiƙan mushenku.” Mai zuba gahawa ta tsaya da buta a sama. Wata tsohuwa ta yi salati. Wata budurwa ta toshe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na ɗauka mamakin iyawata ne ya kama su, kuma da na ga Hajiya Tabawa ba ta amsa ba sai na zaci ba ta ji ba ne. Na gyara murya na sake faɗa da ƙarfi, har da ɗan murmushi. Har yau in na tuna wannan murmushin sai in ji fuskata ta ɗauki zafi.

Hajiya Tabawa ba ta ko dube ni ba. Ta juya ta kalli Kaka, ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce a hankali, “Ashe haka kuke kiransa a gidanku, Hajiya.” Kaka ta ruɗe ta ce, “Wallahi ba laifinta ba ne, Tabawa, ni na koya mata.” Wannan kuwa shi ya ƙarasa ɓata abin. Babbar 'yar gidan ta miƙe ta ce da Larabci mu tashi mu ba su wuri. A hanya Kaka ta riƙe mini hannu gam har muka sha kwana. Nan ta tsaya ta jingina da bango ta gaya mini. Mushe jaki ne ko akuya da ta mutu ba yanka, wadda ake ja da igiya a yar a bayan gari ungulu su ci. Kuma shi ake ce wa namijin da zuciyarsa ta mutu, wanda ya zauna mace na ciyar da shi. Sai a lokacin na gane abin da manya ke rage murya a kansa, na kuma gane cewa ni na faɗe shi da ƙarfi, sau biyu, a gaban matarsa da 'ya'yansa, kabarinsa ko bushewa bai yi ba. Na tsuguna a gefen titi na rufe fuska da abaya, na ƙi tashi sai da ta ja ni.

Kaka ta so ta gyara, kuma gyaran nata ya zama abin kunya na biyu. Da aka watse daga zaman makoki ta zaro littafi ɗaya daga kwalin ta ɓoye a ƙarƙashin mayafi, ta tafi ita kaɗai don ta nuna inda kalmar ta fito. A tunaninta, da an ga zanen magana ta ƙare. Sai ga tsohuwa mai furfura, wadda ta yi ɗawafi ta yi ziyara, ta buɗe wa mace mai takaba hoton ruɓaɓɓen mutum yana tafiya da hanji a waje. An ce Hajiya Tabawa ta kawar da kai ta fashe da kuka, 'ya'yanta suka rako Kaka har ƙofa. Labari ya iske Baba kafin ya iso gida. Bai doke ni ba, bai ma yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sake riga ya tafi ba mazan gidan haƙuri, washegari na leƙa ta taga na ga kwalin a bayan motarsa ya nufi Khumra. Ummi ce ta yi magana, tana tsefe mini kai, ta ce, “Halas, ya binti, shi ke nan, 'yata. Ki riƙa magana da yaren da kika iya, kin ga aibun da kika jawo mana.”

A Jidda magana ba ta kwana a unguwa ɗaya. Kafin wata ya ƙare ta kai unguwar Ruwais wajen dangin Ummi, kowa ya ƙara mata gishiri. In muka je biki sai in ga mata suna zunɗena da baki, wata ta ce wa wata, ita ce? Wasan da na ƙirƙira da kaina ya juyo kaina. In na fita sayen burodi da wake da safe, yara su biyo ni suna karkace wuya suna jan ƙafa suna “mushenku, mushenku.” Ban zauna na yanke shawarar daina Hausa ba. Tsoro ne ya shige ni. Duk kalmar da ta zo bakina sai in tsaya ina tuhumarta, ko ita ma tana da wata fuskar da ban sani ba, ko ita ma a bayan gari ake yar da ita. Kafin in gama bincikenta Larabci ya riga ya fito. Gaisuwar Baba ta koma yadda take a da.

Wadda abin ya ci ita ce Kaka. Juma'a ta zo ta wuce ba ta da gidan zuwa. Ina hawa da kwandon wanki, ta bari sai na kusa gamawa ta ce, “Hanne, ko ba littafi ai kin san labarin. Ina aka kwana da Mai Kifi?” In ce mata ma adri, wato ban sani ba. Ta ce, “Ban ji ba.” In ɗauki kwando in sauka ina jin idonta a bayana. Ta gwada da wasa, ta gwada da fushi, ta ce ita ce ta yi kuskuren ba ni ba, da ta sani da ta bambance mini tun ranar. Duk ina ji, ina kuma son in amsa, amma bakin ya ƙi. Can sai ta daina cewa ban ji ba. Wata rana ina shanya na ji ta ce, da wani irin lanƙwasasshen harshe, “Ta'ali, Hanne. Moya.” Ruwa take so, kuma da Larabci ta roƙa, tana tsintar kalmomin daga bakin ƙannena. Na kawo mata ruwan na koma bayan tanki na yi kuka. A duk kunyar da na ji a wannan shekara, babu wadda ta kai ta ganin tsohuwar nan tana karya harshenta don ta samu ta yi magana da ni.

Da lokacin sabunta iƙamarta ya zo ta ce wa Baba kada ya wahalar da kansa. Ta ce ta yi ɗawafi, ta yi ziyara, saura ta koma inda in ta yi magana za a amsa. Ranar tafiya, ana saukar da kaya, sai ga Hajiya Tabawa da ƙullin fura a leda. Ba wanda ya tayar da tsohon zance, suka rungume juna a bakin ƙofa suna kuka suna yafe wa juna. Ni ina raɓe jikin mota, na shirya abin da zan faɗa tun daren jiya, gajere ne, na tabbatar babu kuskure a ciki. Da ta iso kaina na buɗe baki sai na ji na ce ma'assalama. Ta dafa kaina ta ce, “Bakinki na nan, ƙawata, tsoro ne kawai ya zauna a kai.” Bayan ta koma, Baba kan miƙo mini waya in ya kira gida, in yi sallama, in saurari muryarta tana jero tambayoyi, in ce na'am, na'am, in mayar masa. Kullum ina cewa sai na ƙara ƙwarewa tukuna. Ina sakandare aka bugo aka ce ta rasu. A falonmu aka yi zaman, kuma a nan, ina zagayawa da gahawa, na ji mata suna cewa marigayiya, na gane ita ce kalmar da na nema a kan matakalar Hajiya Tabawa.

Yanzu ina aiki a teburin karɓar marasa lafiya a wani ƙaramin asibiti. Tsofaffi ne suka dawo mini da Hausa, mata irin Kaka da ke zuwa ba su da Larabci sai na salla, suna nuna inda ke ciwo da hannu. Ba yadda za a yi ka ga haka ka tsaya tuhumar kalma. Na yi kurakurai, an yi mini dariya, ban mutu ba. Littattafan nan ma na same su a waya, an fassara su da Larabci tun daga farko har ƙarshe. Ashe Mai Kifi ba ta taɓa sayar da kifi ba, Ɗan Auta ba ɗanta ba ne, Malam Gajere da Kaka ta amince wa shi ne macucin. Na karanta kaɗan na rufe, don labarin ba shi da ɗanɗano in babu mai buge maka gwiwa. Yaran yanzu ba za su faɗa ramin da na faɗa ba, kalma in ta shige musu duhu waya za su tambaya, ta jero musu ma'anoni, ba tare da ta ba su labarin shekarar yunwa ba. In an yi rasuwa a unguwa ni ake turawa gaba wajen gaisuwa, tsofaffi su riƙe mini hannu su ce Hausata kamar a Damagaram aka yanke mini cibiya. Nakan yi godiya in sunkuyar da kai, su ɗauka ladabi ne. Duk Ammariyya sun ji bakin nan ya buɗe. Wadda ta buɗe shi ce kaɗai ba ta ji ba.